Akinfenwa: ɗan ƙwallo ne na gaske, ko ƙirar jiki ce kawai ta ɗaga shi?

Tambaya: Malam, gardama ta kaure a gidan kallonmu a kan Adebayo Akinfenwa. Wasu sun ce wasan FIFA na kwamfuta ne kawai ya yi masa suna saboda ƙirar jikinsa, in ba haka ba mutumin da ya shekara 20 yana ƙwallo a Ingila bai taɓa leƙa Firimiya ba, ai bai ci a kira shi ɗan wasa ba. Wane ne shi, kuma yaya rayuwa take a waɗannan ƙananan rukunan? Ina tambaya ne har don ƙanena, wanda kullum yake cewa shi ko League Two ya samu ta ishe shi.

Amsa: Ɗan'uwa, abokan gardamarka sun yi daidai a abu ɗaya: ba don wasan FIFA ba, da wuya sunan Akinfenwa ya iso gidan kallonku. A sauran kuwa sun zame, kuma abin da ya zamar da su rashin sanin yadda ake cin abinci a ƙasan Firimiya ne. Mutumin nan ya buga wasa sama da 700, ya ci ƙwallo sama da 200, bai kuma jingine takalmansa ba sai da ya cika shekara 40. A wurin da duk watan Mayu ake sallamar 'yan wasa kamar ba a taɓa saninsu ba, daɗewar nan ita ce nake auna shi da ita.

Bari mu fara da filin da ya taka. Ƙungiyoyi 92 ne a manyan rukunai huɗu na Ingila: 20 a Firimiya, sai 24 a kowane ɗaya daga Championship da League One da League Two. A ƙasansu akwai National League, sannan rukunai bila adadin da suka gangara har zuwa kulob-kulob na ƙauye. Ɗan League Two ƙwararre ne, ƙwallo ce sana'arsa, ba ya wani aiki da rana. Yana buga wasan lig 46 a kaka ɗaya, ban da na kofuna, daga Agusta zuwa farkon Mayu: Asabar da rana, Talata da dare, har da washegarin Kirsimeti, cikin ruwan sama da sanyin da ke daskarar da yatsu. Idan jadawali ya haɗa Carlisle da Plymouth, tafiyar sama da kilomita 600 ce, kuma yawanci a bas ake yin ta.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Kwantiragi a can shekara ɗaya ne ko biyu, kuma kusan duka suna ƙarewa ranar 30 ga Yuni. Da an tashi daga kaka, kowace ƙungiya za ta fitar da sunayen waɗanda ta riƙe da waɗanda ta saki. Ɗaruruwan 'yan wasa ke shiga kasuwa a lokaci guda, ga yaran da makarantun horarwa na manyan ƙungiyoyi suka zubar, ga waɗanda za a turo aro daga Firimiya, kowa na neman gurbi ɗaya. Ƙungiyoyin su ma ba su da tabbas. Bury, wadda ta ci Kofin Ƙalubale sau biyu, a 1900 da 1903, ta samu hayewa daga League Two a 2019 alhali 'yan wasanta na bin ta albashi, kuma a watan Agusta na shekarar aka kore ta daga gasar baki ɗaya.

An haifi Akinfenwa ranar 10 ga Mayun 1982 a Islington da ke arewacin Landan. Iyayensa Yarabawa ne daga Najeriya, mahaifinsa Musulmi, mahaifiyarsa Kirista. Ya buga wa tawagar matasa ta ƙungiyar Watford amma bai samu shiga babbar tawaga ba. Sai dillalinsa, wanda matarsa 'yar Lituweniya ce, ya samo masa hanya ta wajen surukansa zuwa FK Atlantas da ke birnin Klaipeda na Lituweniya a bakin tekun Baltik. A 2001 ke nan, yaro bai kai shekara 20 ba. Ya sha ba da labarin abin da ya gani a can: ihun wariyar launin fata daga 'yan kallo, har da magoya bayan ƙungiyarsa. Bai tattara ya gudu ba, kuma shi ya ci ƙwallon da ta ba Atlantas kofin ƙasar a 2001. Daga ranar, in ji shi, garin ya sauya masa fuska.

Ya komo Birtaniya a 2003 ta ƙofar Barry Town ta Wales, lokacin John Fashanu ne shugaban kulob ɗin. Sun ci lig, sun ci kofi, sai kuɗi ya ƙare aka watsar da 'yan wasa. Lokacin kuma bai zo masa da kyau ba, domin a 2002 kamfanin talabijin na ITV Digital, wanda ya sa hannu a yarjejeniyar fam miliyan 315 don nuna wasannin ƙananan rukunai, ya durƙushe, ya bar ƙungiyoyi da dama sun kashe kuɗin da ba za su taɓa gani ba. Kowa ya tsuke bakin aljihu. Tsakanin Oktoban 2003 da Mayun 2004 Akinfenwa ya ratsa ƙungiyoyi 4: Boston United, Leyton Orient, Rushden & Diamonds da Doncaster Rovers. Wata ya yi mata wata guda, wata bai ko buga mata wasan lig ba. Mafi yawan samari a nan suke haƙura su nemi wata sana'a.

Torquay United ce ta fara ba shi kaka cikakkiya, ya ci mata ƙwallo 14 a League One a 2004/05, duk da haka ta faɗa ƙasa. Swansea City ta ɗauke shi. Kwantiraginsa ya ƙare, amma a dokar Ingila ɗan wasan da bai kai shekara 24 ba, in ƙungiyarsa ta yi masa tayin sabon kwantiragi, ba ya tafiya kyauta, sai an biya diyya. Da aka kasa daidaitawa kwamitin sasanci ya yanke kuɗin da bai wuce fam 85,000 ba. Ka riƙe wannan adadi a ranka duk lokacin da ka ji ana zancen fam miliyan 80 a Firimiya.

A Swansea ya ɗanɗana zaƙi da ɗaci a kusa da juna. Shi ya ci ƙwallon farko ta wasan gasa a sabon filinsu na Liberty a Agustan 2005, a karawa da Tranmere. A 2006 shi da Lee Trundle suka ci ƙwallayen da aka doke Carlisle 2-1 aka ɗauki kofin ƙananan rukunai a Cardiff. Bayan 'yan makonni, a filin nan dai, aka buga wasan ƙarshe na cike gurbin shiga Championship da Barnsley, aka tashi 2-2, aka je bugun fenareti, ya ɓarar da nasa, Swansea ta rasa gurbin. A Fabrairun 2007 ƙafarsa ta karye a wasa da Scunthorpe. Ya ƙi sabon tayin Swansea, ya daidaita da Swindon, sai ya faɗi gwajin lafiya. Sai ga shi a shekara 25 ba ƙungiya, ba albashi, ga ƙafa ba ta gama warkewa ba. Kenny Jackett, tsohon kociyansa a Swansea, ya jawo shi Millwall a kan kwantiragin wata-wata, bai ci ƙwallo ko ɗaya ba aka rabu. Ita kuwa Swansea ta yi gaba abinta har ta shiga Firimiya a 2011. A ganina karayar nan ita ta raba shi da babban rukuni, domin ta same shi daidai shekarun da masu farautar 'yan wasa ke yanke hukunci a kan mutum.

Yanzu ga maganar jikin, wadda ita ce asalin gardamarku. Nauyinsa ya haura kilo 100, kuma ba dogo ba ne can. Ba shi da gudu, bai kuma taɓa cewa yana da shi ba. To me kociyoyi suka gani har suka yi ta ɗaukarsa shekara da shekaru, da kuɗin da ba su da shi da yawa?

A ƙananan rukunai ƙwallo ta fi yawo a sama. Filin Janairu ya zama caɓi, 'yan baya ba duka suka iya fita da ƙwallo a ƙasa ba, don haka idan an matsa musu sai su ɗaga ta gaba. Ƙungiyar da ba ta da wanda zai tare wannan ƙwallo, nan take za ta dawo mata. Aikin Akinfenwa ke nan. Zai juya wa ɗan baya baya, ya kafe ƙafafunsa, ya sauke ƙwallon a ƙirji, ya riƙe ta daƙiƙa biyu ko uku har abokansa su hauro, sannan ya miƙa. Ɗan bayan da ya yi ƙoƙarin ture shi sai ya ji kamar jikin kuka ya dafa. In ya ja rigarsa alƙalin wasa ya busa, an samu bugun tazara a kusa da raga, wanda a wannan mataki rabin ƙwallo ne. In an sa mutum biyu su tsare shi, an bar wani fili ke nan ga abokin wasansa mai gudu. Shi ya sa duk inda ya yi tasiri za ka tarar an haɗa shi da wani ɗan gaba mai zafin nama. Ga kuma bugun ka: bai cika yin tsalle ya wuce kowa ba, wuri yake kamawa tun ƙwallo ba ta iso ba, ya hana ɗan baya tashi. Ƙarfi kaɗai ba ya yin wannan. Da yana yi, da an cika League Two da 'yan dambe. Sai da taushin ƙafa wajen karɓar ƙwallo, da sanin inda za ta sauka, kuma waɗanda suka buga da shi sun fi yawan yaba wannan ɓangaren a kan damtsen da ake ɗauka hoto.

Gaskiya kuma a faɗe ta: a Firimiya, inda ake son ɗan gaba ya yi ta korar 'yan baya minti 90, ba na jin zai kai labari. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Daga 2008 zuwa 2014 ya yi ta kai-komo tsakanin Northampton Town da Gillingham, sau biyu kowacce, yana cin ƙwallo a duk inda ya sauka. Abu ɗaya zan tsaya a kai: a 2013 shi ne kan gaba wajen ci wa Northampton ƙwallo, amma ranar wasan ƙarshe na cike gurbi a Wembley koci Aidy Boothroyd ya ajiye shi a benci. Kafin a cika rabin sa'a Bradford City ta zura 3. Bayan wasan aka sallame shi.

Sai AFC Wimbledon a 2014. Wannan kulob magoya baya ne suka kafa shi da hannunsu a 2002, bayan an amince a kwashe tsohuwar Wimbledon a kai ta garin Milton Keynes. Sun faro daga rukuni na tara, suka hauro har League Two a 2011. A nan ne duniya ta fara ganinsa sosai. Ranar 5 ga Janairun 2015 Liverpool, ƙungiyar da yake goyon baya tun yana yaro saboda John Barnes, ta zo ɗan ƙaramin filinsu na Kingsmeadow a zagaye na uku na Kofin Ƙalubale. Steven Gerrard ya ci, Akinfenwa ya farke, Gerrard ya ƙara, aka tashi 2-1. Shi ya tafi gida da rigar Gerrard, tun da dama ya gargaɗi abokansa kada wanda ya riga shi.

Ranar da ta fi bayyana rayuwar ɗan ƙaramin rukuni ita ce 30 ga Mayun 2016, wasan ƙarshe na cike gurbin League Two a Wembley, Wimbledon da Plymouth Argyle, 'yan kallo sama da 57,000. Ya shiga wasan yana sane cewa koci Neal Ardley ba zai sabunta masa kwantiragi ba. Ya shigo daga benci, Lyle Taylor ya ci ta farko, sai can cikin ƙarin lokaci aka samu fenareti. Ya ɗauki ƙwallo, ya yi 'yar jayayya da abokin wasansa Callum Kennedy a kan wanda zai buga, ya buga ta shiga. Shekara 10 ke nan bayan wadda ya ɓarar a Cardiff. Wimbledon ta haye League One. Da ɗan jarida ya miƙa masa makirufo a tsakiyar murna, sai ya ce shi fa yanzu ba shi da aikin yi, duk kocin da ke buƙata ya neme shi a WhatsApp. Mutane sun yi dariya, bidiyon ya zagaya duniya, amma ba wasa yake yi ba. Yana da shekara 34, ga iyali, ga wata guda ya rage a takardarsa.

Gareth Ainsworth na Wycombe Wanderers ne ya kira. Wycombe ƙaramar ƙungiya ce a garin High Wycombe da ke wajen Landan ta arewa maso yamma, filinta Adams Park na ɗaukar mutum kimanin 10,000, kasafinta a lokacin na cikin mafi ƙanƙanta. Ainsworth ya gina salon wasansa a kan irin abin da Akinfenwa ya iya, kuma aka dace. A kakar 2017/18 suka haye League One, 'yan wasan rukunin da kansu suka zaɓe shi cikin gwarazan 11 na kakar, yana dab da shekara 36. A Fabrairun 2020 ya zama wanda ya fi kowa ci wa Wycombe ƙwallo tun shigarta gasar ƙwararru. Sai annobar korona ta tsayar da wasanni, aka yanke shawarar a lissafa teburi da matsakaicin makin kowane wasa, lissafin da ya ɗaga Wycombe daga ta 8 zuwa ta 3. Wasu ƙungiyoyin sun yi ta ƙorafi, kuma suna da hujja. Ranar 13 ga Yulin 2020, a Wembley babu ɗan kallo ko ɗaya, Wycombe ta doke Oxford United 2-1 da fenaretin Joe Jacobson, bayan an kayar da Fred Onyedinma, haifaffen Legas. Karon farko ke nan a tarihinta da ta shiga Championship. A hirar bayan wasa Akinfenwa ya ce wannan karon Jurgen Klopp kaɗai yake jira a WhatsApp, kuma Klopp ɗin ya aiko masa da saƙon bidiyo.

Championship ta yi masa nauyi, gwiwa ta fara gajiya, yawanci daga benci yake shigowa. Ƙwallonsa ta farko a rukunin sai a Afrilun 2021, fenareti a ƙarin lokaci a ragar Bristol City, yana da shekara 38. Wycombe ta faɗo da tazarar maki ɗaya. Wasansa na ƙarshe a matsayin ƙwararre shi ne na 21 ga Mayun 2022 a Wembley, inda Sunderland ta ci su 2-0 a gaban mutum sama da 70,000.

Game da kuɗi: ɗan League Two na samun abin da zai riƙe gida, ya biya haya ko bashin gida, ya sa mota a hanya. Abin da ba ya samu shi ne na zama bayan ya daina. Yana shekara 33 ko 35 sai ya nemi wata sana'ar, shi ya sa ƙungiyar 'yan wasa ta PFA ke tallafa musu da karatun koyarwa da na wasu ayyuka tun suna kan ganiya. A nan ne wayon Akinfenwa ya fito. Da wasan FIFA ya riƙa sa shi a matsayin ɗan wasa mafi ƙarfi a duniya, har da maki 97 a FIFA 15, bai ji haushin ana masa dariya ba. Ya rungumi laƙabin The Beast, ya buɗe kamfanin tufafi mai suna Beast Mode On, ya shiga talabijin da tallace-tallace. Jikin da tun yana yaro ake ce masa ya yi girma da ƙwallo, shi ya koma jarinsa. Amma sai da ya yi shekaru yana cin ƙwallo a Torquay da Swansea da Northampton kafin wannan suna ya zo.

Za a kawo maka misalin Jamie Vardy, wanda ya tashi daga aikin masana'anta da ƙwallon ƙauye, Leicester ta saye shi fam miliyan 1 daga Fleetwood a 2012, ya ci Firimiya a 2016 kafin Ahmed Musa ya same shi a can. Labarin gaskiya ne, sai dai irinsa ɗaya ne a cikin dubbai. Wanda ya fi kama da sauran shi ne Dean Lewington, ɗan bayan da a Disambar 2023 ya buga wa MK Dons wasan lig na 771, ya karya tarihin yawan wasannin lig a ƙungiya ɗaya da John Trollope na Swindon ya kafa, kuma ina da yaƙinin ba a taɓa gardama a kansa a gidan kallonku ba.

Saura batun ƙanenka. Akinfenwa bai taɓa buga wa Super Eagles ba, kuma duk yawon da ya yi, a matsayin haifaffen Landan ya yi shi, babu mai tambayarsa takardar izinin aiki. Yaron da ya taso a Najeriya ko Nijar hanyarsa daban ce. Hukumar FIFA ta hana ɗaukar ɗan ƙasa da shekara 18 daga wata ƙasa, sai a wasu 'yan yanayi ƙalilan. Wanda ya haura 18 kuma sai hukumar ƙwallon Ingila ta amince masa, kuma tun Janairun 2021 ana auna shi ne da maki: wasannin da ya buga wa ƙasarsa, darajar gasar da ya fito, da mintunan da ya buga. A 2023 an ɗan sassauta, aka ba ƙungiyoyin League One da League Two damar ɗaukar har mutum biyu da ba su cika makin ba, amma su ma da sharuɗɗansu, kuma ƙungiyar da ke lissafin kowane fam ba ta cika kashe gurbin a kan yaron da ba ta taɓa gani ba. Bizar ziyara ba ta ba mutum izinin buga ƙwallo a biya shi. Shi ya sa mafi yawan 'yan wasanmu da suka isa Ingila suka biyo ta Beljiyam ko Norway ko wata ƙasar Turai, kamar yadda Wilfred Ndidi ya yi daga Genk. Idan wani dillali ya ce a tara masa kuɗi zai kai yaron gwaji League Two kai tsaye, ku nemi takardar gayyata daga ƙungiyar, ku tuntuɓi ƙungiyar da kanku ta adireshin da ke shafinta, ku kuma duba ko sunansa na cikin jerin dillalan da FIFA ta ba lasisi kafin ku fitar da ko sisi.